Lafiyar ƙwaƙwalwar yaranmu a Zariya: ta ina za mu fara, kuma da me za mu auna aikin?

Malam Bashir (sakatare):
Assalamu alaikum jama'a. Kamar yadda aka yanke a zaman da ya gabata, ni aka ɗora wa rubuta tsarin aikin shekara ɗaya kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara da iyalai. Ga abin da na tsara, a duba a gyara mini kafin in kai wa shugaba. Za mu yi babban taron wayar da kai ranar 10 ga Oktoba, tunda ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Mu gayyato likita daga asibitin koyarwa na Shika ya yi lacca, mu buga riguna da takardu, mu sayi fili a rediyo sau huɗu. Ƙarshen shekara sai mu rubuta yawan waɗanda suka halarta da yawan takardun da aka raba, shi ke nan rahotonmu. Kun san kuɗin ba su da yawa, gudummawar 'yan ƙungiya ce.

Sista Rabi:
Wa alaikumus salam. Malam Bashir sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya gare ni: ranar 11 ga Oktoba fa? Uwa ta zo taro ta ji likita ya ce ciwon ɗanta yana da magani. Washegari ta goyo shi ta zo ƙaramin asibitin da nake aiki. Me zan ba ta? Maganin babu a ɗakin magani, ni kuma abin da aka koya mini kan wannan fanni a makaranta bai taka kara ya karya ba. In rubuta mata takarda zuwa babban asibiti, ba ta da kuɗin mota, mijinta bai sani ba. Ta koma gida ta ce ashe duk surutu ne. Wannan matar ba za ta sake dawowa ba, kuma za ta gaya wa maƙwabtanta. Gara kada mu tada mutane in ba mu tanadi inda za su sauka ba.

Malam Bashir (sakatare):
Sista, to ai in mutane ba su waye ba, ko mun tanadi maganin ba za su zo ba.

Maman Sadiƙ:
Malam Bashir, ka yi haƙuri in sa baki, don ni abin a gidana yake. Sadiƙ yana shekara bakwai farfaɗiya ta fara kada shi. Ranar da ta kada shi a aji, yara da malamar duk suka watse, wai kada yawunsa ya taɓa su. Aka aiko mini in riƙe shi a gida sai ya warke. Shekara uku muna yawo. Hayaƙi, turare, jiƙe-jiƙe, har akuyoyina biyu suka tafi. Ba rashin wayewa ba ne kaɗai, ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba ne. Wata maƙwabciyata ce ta raka ni asibiti, aka ɗora shi a kan magani, faɗuwar ta tsaya cak. Na yi kuka ranar da muka cika wata uku bai faɗi ba.

Amma wahalar ba ta ƙare a nan ba. Sai in fita bayan sallar asuba, in bi layi har azahar, wani lokacin a ce maganin ya ƙare a je waje a saya. Akwai watan da babansa bai samu kuɗi ba, na ce bari mu ɗan jinkirta. Kwana goma da yanke maganin ya faɗi kusa da murhu, har yau tabon yana hannunsa. Makarantar kuma har yanzu ba ta karɓe shi da zuciya ɗaya ba. Ni in za ku yi mini aiki, ku kawo maganin kusa da ni, kada ya yanke, sannan wani mai faɗa a ji ya je ya yi wa hedimasta bayani. Riga ba ta cikin abin da nake buƙata.

Hajiya Binta:
Allah sarki. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, 'yata.

Likita Aminu:
Amin. Maman Sadiƙ, abin da kika faɗa ya fi laccar da za a gayyace mu mu yi. A sani, farfaɗiya ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce, ba taɓin hankali ba, kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan bakwai cikin goma na masu ita za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Ana haɗa ta da wannan aiki ne don a idon jama'a duk iska ce, hanyar da iyaye ke bi ɗaya ce.

Ga dalilin da ya sa nake goyon bayan Sista Rabi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, masu ƙwarewa kan yara kuwa 'yan tsiraru ne a cikinsu. Alhali kusan rabin larurorin ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14, kuma ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata. In muka ce kowane yaro sai ya je Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, mun san yawancinsu ba za su je ba. Tun 1991 manufar ƙasa ta ce a saka lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Takarda dai akwai, aiwatarwa ce ta rage.

Akwai tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna mhGAP, da aka ƙaddamar a 2008, wanda aka yi musamman don a koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba su gane, su fara kulawa, su san lokacin turawa gaba. Yana da babi kan yara da matasa, da farfaɗiya, da ciwon damuwa, da shaye-shaye. Sai dai horon kwana biyar kaɗai ba ya zama a kai. Dole wani ya riƙa zuwa duk wata yana zama da ma'aikaciyar suna duba marasa lafiya tare. Kuɗin rigunan a mayar da su nan da kuma asusun magani.

Ustaz Nura:
Likita, Allah ya ƙara basira. Amma ina jin ƙanshin za a tsara abin nan a bar mu a waje, alhali kafin uwa ta zo wurinku ta zo wurina. Kusan kullum sai an kawo mini yaro a ce a yi masa ruƙiyya. Ba na musun asibiti. Hadisi ne ingantacce cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Abin da ke ɓata mana rai shi ne mu tura mutum, a tambaye shi ina ya tsaya tun tuni, ya ce wajen malam, sai a yi masa tsawa a ce ya je ya ɓata lokaci a wajen jahilai. Gobe wa zai yarda ya faɗi gaskiya?

Likita Aminu:
Allah gafarta Malam, gaskiyarka, kuma laifinmu ne inda aka yi haka. Wannan ba sabon tunani ba ne a ƙasar nan. Farfesa Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954, inda marasa lafiya ke zama a gidajen jama'a tare da danginsu suna zuwa asibiti da rana, kuma ya yi aiki da masu maganin gargajiya. Abin da nake roƙo abu uku ne. Kada a daki yaro ko a ɗaure shi da sunan fitar da aljani. Kada a ce a ajiye maganin asibiti. Sannan yaron da ke jijjiga, ko ya daina ci da barci kwanaki, ko yake maganar kashe kansa, a turo shi a ranar, addu'ar ta bi shi.

Ustaz Nura:
Na yarda da ukun. Ku rubuta mana alamomin da Hausa, har da ajami, don akwai malaman da boko ba ya shige musu. Kuma in na turo, a dawo mini da labari. Ba daɗi ka tura yaro ka ji shiru kamar an shuka dusa.

Abdul Sabon Gari:
Ni dai ban ji an taɓo shaye-shaye da kyau ba, kuma a unguwarmu shi ne babba. Yara 'yan sha uku, sha huɗu suna shaƙar sholisho, manyansu na kan ƙwaya. Binciken ƙasa na 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi cikin shekara guda. A shekarar aka hana maganin tari mai kodin, amma wasu abubuwan suka maye gurbinsa. Ƙanena an kai shi gidan mari yana shekara goma sha shida. Wata takwas ya yi, ya dawo da tabon sarƙa a ƙafa, ba ya iya kallon babanmu a ido. Bai yi wata biyu ba ya koma ruwa, fiye da da.

Alhaji Garba:
Abdul, ɗana, a yi adalci. Na san yaran da gidan mari ya shiryar, yau suna da mata da 'ya'ya. Uban da ɗansa ke zare masa wuƙa da dare, ku ce ya yi yaya? Ku masu boko kun iya cewa a rufe, amma ba ku buɗe komai ba.

Abdul Sabon Gari:
Baba, da girmanka, ka tuna abin da aka gani a Rigasa a Satumban 2019. Sama da mutum 300 'yan sanda suka fitar daga gida ɗaya, da yara a ciki, wasu da mari a ƙafa. Waɗanda suka shiryu muna ganinsu, waɗanda suka lalace a can ba mai ƙirga su.

Sista Rabi:
Baba Alhaji, maganarka ta ƙarshe ita ce aikin da ke gabanmu. Iyaye ba mugunta ke kai su ba, rasa mafita ce. Sarƙa dai ba magani ba ce, a nan ba zan sassauta ba. Amma dole tsarinmu ya amsa tambayarka: da ƙarfe goma na dare, yaro ya birkice, wa uba zai kira? In ba mu da lambar waya ɗaya da mota ɗaya da asibitin da ya san da zuwanmu, to gobe ma can za a kai shi.

Alhaji Garba:
To in kun samar da wannan, ni zan fara kai ku gidajen da na sani.

Malama Zainab:
Bari in kawo ku aji. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a firamare. Akwai yaron da kowa ke kira dakiki, ya sha bulala har ya daina kuka. Da aka duba, ashe kunne ne, tun sanƙarau da ya yi yana ƙarami ba ya ji sosai. Akwai yarinyar da iyayenta suka gudo daga wani ƙauye ta wajen Giwa saboda 'yan bindiga. In salansar babur ta yi ƙara sai ta shige ƙarƙashin benci tana karkarwa, tana fitsarin kwance tana shekara tara, gwaggonta na dukanta a kai. Irin waɗannan yaran sun ƙaru a makarantunmu, kuma ba mai kawo su asibiti don ba zazzaɓi suke yi ba. Ga masu ƙiriniyar da ba sa iya zama minti biyar, ga masu galahanga da ake ɓoyewa a ɗaki.

Amma ina da tsoro ɗaya. Kada a zo makaranta da takarda a ware yara a ce waɗannan su ne masu matsalar ƙwaƙwalwa. Wallahi sunan zai bi yaro har girmansa, yarinya kuwa har maganar aurenta sai ya taɓa. A koya mana mu malamai abin da za mu lura da shi, mu kira uwa a keɓe.

Hajiya Binta:
Ni ungozoma ce, shekaruna sun ja, jikata ke rubuta mini. Kuna ta maganar yaro kun manta uwarsa. Na sha ganin mai jego ta zauna tana hawaye ba dalili, ba ta son ba da nono, ba ta barci ko jaririn ya yi. Sai a ce kunyar ɗan fari ce, ko a ce kishi ne don an yi mata amarya. Ana ta wankan jego kwana arba'in, ana dama kunun kanwa, ba mai tambayarta abin da ke ranta. Uwar da hankalinta ba ya kwance, ɗanta ma ba ya ƙiba. Kuma ku sani, komai kuka tsara in maigida bai yarda ba, ba inda za ta. Ku nemi maza a masallaci da majalisa.

Sista Rabi:
Inna, kin ba mu ƙofa. Uwa tana kawo jariri rigakafi a sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu, da wata tara. Ga ta a gabanmu sau huɗu ba tare da mun kashe ko kwabo ba. Akwai tambayoyi goma na Edinbara da ake yi wa mai jego don gano ciwon damuwa, minti biyar sun isa. Matsalata wuri ne. Ranar rigakafi mata cike da baranda, wace ce za ta faɗi sirrinta a gaban kishiyarta? Ko labule ne a saya mana.

Yusuf Samaru:
Na yi shiru ina karantawa ne don ɓangaren awo nake jira, shi ne aikina. Malam Bashir, yawan mahalarta taro yana nuna mun yi motsi, ba ya nuna wani yaro ya samu sauƙi. Kafin a fara komai, a ɗauki wata guda a san inda ake. A buɗe rajistar ƙananan asibitocin da za mu yi aiki da su, a ga yara nawa aka rubuta da irin waɗannan larurori a shekarar da ta wuce. A zauna da iyaye mata daban, maza daban, malamai daban, a tambaye su ina suke zuwa da farko, nawa suke kashewa. In ba mu da wannan, bayan shekara ba abin da za mu kwatanta da shi.

Sannan kada mu tara ma'auni ashirin, Sista ba ta da lokacin cike takardu. Kaɗan sun isa. Cikin yaran da aka fara dubawa, nawa ke dawowa bayan wata uku da wata shida? Cikin waɗanda aka tura babban asibiti, nawa suka isa da gaske? Kwana nawa a wata maganin ya yanke? Yaron da ya bar makaranta, ya koma? Wanda ake ɗaurewa ko kullewa, an sake shi? Don ganin sauyin hali akwai takardar tambayoyi 25 da ake kira SDQ, uwa ko malami ke amsawa, a yi ta a farko a maimaita bayan wata shida. Sai dai a zauna da iyaye a tabbatar kowace tambaya tana nufin abin da ake so a Hausarmu.

Abin da na fi damuwa da shi su ne waɗanda suka zo sau ɗaya suka ɓace. Rahotanni da yawa suna ƙirga waɗanda suka tsaya ne kawai, sai aiki ya fito fes. A bi waɗanda suka daina zuwa har gida a ji dalili. Kuma wanda zai tambayi iyaye ko sun gamsu kada ya zama ma'aikacin da ke duba su, don kara ba za ta bari su faɗi aibu a gabansa ba.

Malama Zainab:
Sunayen yaran fa? Wannan littafin in ya faɗa hannun da bai dace ba, mun cuce su.

Yusuf Samaru:
Suna ya tsaya a asibiti a kulle. Abin da zai zo wa kwamiti lamba ce kawai, ba suna, ba unguwa. Kuma ba hoton yaro a Facebook ko WhatsApp, ko da uwar ta ce ta yarda. Wani abu kuma, a gaya wa shugaba tun yanzu: in adadin yaran da ake gani ya ƙaru a watannin farko, ba ciwon ne ya ƙaru ba, ɓoyayyu ne suka fito.

Malam Bashir (sakatare):
Na ji, kuma jikina ya yi sanyi da labarin Sadiƙ. Amma ku taya ni tunani. Waɗanda suka ba da kuɗinsu suna son su ga abu da ido. In na ce musu mun sayi labule da magani mun biya kuɗin motar mai sa ido, wasu za su ce ina aikin?

Maman Sadiƙ:
Ka kawo su in gaya musu da bakina.

Likita Aminu:
Taron ma ba a soke shi ba, Malam, matsar da shi za a yi. In ma'aikata sun samu horo, magani ya sauka, an san wanda zai karɓi waɗanda aka tura, sai a yi shela ta bakin limamai da masu unguwa, a faɗi rana da wuri. Kuma kada mu rungumi Zariya duka. Ƙaramar hukumar Zariya mazaɓu 13 ce, Sabon Gari 11. Mu ɗauki biyu, ɗaya a cikin birni, ɗaya ta karkara kamar Wuciciri ko Dutsen Abba, don abin da ya yi aiki a Kwarbai ba lallai ya yi a ƙauye ba. A fara da sashen lafiya na ƙaramar hukuma da kwamitin ci gaban mazaɓa, asibitocin nasu ne, in ba su shiga ba aikin zai mutu ranar da kuɗinmu suka ƙare.

Abdul Sabon Gari:
Ke nan mu an bar mu, alhali mu ke da tasha da kasuwa da yaran da ke kwana a waje.

Yusuf Samaru:
Ƙorafinka na kan hanya, Abdul. A bar zaɓen mazaɓun sai an gama binciken wata gudan, kuma a saka Sabon Gari a ciki. Inda buƙata ta fi yawa kuma akwai ma'aikacin da ya yarda zai ɗauki nauyin, nan za a fara.

Ustaz Nura:
Akwai waɗanda duk tsarin nan bai gani ba. Kun gina shi a kan uwa ta kawo ɗanta, ko malamar boko ta lura. Almajiri fa? Uwarsa na wani gari, ba ya zuwa rigakafi, ba ya cikin rajistar kowa. In yana firgita da dare ko yana faɗuwa, 'yan uwansa almajirai ne kawai suka sani. Wa zai sa hannu a madadinsa, wa zai riƙe masa maganin?

Sista Rabi:
Wannan sai an zauna da alarammomin kansu, Malam. Ba zan ba yaro ɗan shekara tara magani ya sa a aljihu yana yawon bara ba, dole a samu babba da zai riƙe ya ba shi safe da dare.

Ustaz Nura:
Akwai alarammomi huɗu da nake da fuska a wajensu. Zan je musu da kaina kafin Juma'a, in sun amince in zo da ɗaya zaman.

Malam Bashir (sakatare):
To madalla. Na janye takardar farko, zan sake rubutawa a daren nan. Zama ranar Asabar bayan la'asar, inda muka saba. Sista Rabi, ki nemi izinin shugabar asibitinku ki zo mana da adadin bara, ba sunaye. Yusuf, ka rage ma'aunan su shiga shafi ɗaya. Baba Alhaji, muna son ka raka mu wajen mai unguwa. Maman Sadiƙ, na sa sunanki cikin masu duba rahoton kowane wata uku, in babansa ya amince.

Maman Sadiƙ:
Ya amince, yana nan kusa da ni ina karanta masa. Ya ce a tambaya ko zai iya zuwa shi ma.